Ƙarfe 6 Na Marece A Tsakiyar Atlantika

Mai karatu, a tashar jiragen ruwa ta Sawtamtan, can kudancin Ingila, akwai wani jirgi da ke kai matafiya birnin Niyu Yok na Amurka cikin kwana 7, alhali kuwa jirgin sama awa 8 ta ishe shi ya yi wannan tafiya. Sunansa Queen Mary 2, mallakar kampanin Cunard, kuma shi kaɗai ya rage a duniya da ke ƙetare tekun Atlantika da fasinja bisa tsari, zuwa da komawa, kamar yadda motar layi ke yi tsakanin tasha biyu. Masu shigarsa ba gaggawa suke yi ba. Suna biyan kuɗi mai kauri domin a ba su ɗaki da abinci da kiɗa da iskar teku, sannan kuma, abin da ya fi ɗaure ma baƙo kai, domin a faɗa masu irin tufafin da za su sa. Dattijo mai furfura, wanda a gidansa ba mai ce masa sa ko cire, shi ne za ka gani kowane dare ya ɗauki ƴar takardar da aka ajiye masa a ɗaki, ya duba shigar da aka yanke ta gobe, ya kuma bi ba musu.

An ƙera jirgin a Faransa, a ma'aikatar San-Nazer, ya fara aiki cikin watan Janairu na 2004 bayan sarauniya Elizabet ta biyu ta raɗa masa suna. Tsawonsa metir 345, wato filin ƙwallo uku a jere har da ɗoriya. Yana ɗaukar fasinja wajen 2700 da ma'aikata fiye da 1200. Gari ne guda: akwai ɗakunan cin abinci, da gidan wasan kwaikwayo, da ɗakin karatu mai dubban littattafai, da ɗan asibiti, da kantuna, har da masaukin karnuka da kyanwoyin fasinja tare da mai kula da su. A hawa na 7 akwai wata hanya ta katako da ta kewaye jirgin, zagaye ɗaya metir 620. Nan tsofaffi ke sassarfa da safe, sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, domin iskar arewacin Atlantika ko a watan Yuli ba ta san wasa ba.

Da rana ba ruwan kowa da kowa. Mai gajeren wando na nan, mai wandon jin na nan, mai takalman gudu na nan. Iyakar abin da ake roƙo shi ne kada wanda ya fito wanka ya shigo ɗakin abinci da kayan ruwa a jikinsa. Sai ƙarfe 5 ta gota, ka ga hanyoyin jirgin sun fara yin tsit kamar kasuwa ta watse, kowa ya shige ɗakinsa. Ƙarfe 6 na marece dokar ke fara aiki, ba ta sauka sai an kwanta.

Darare iri biyu ne. Mafi yawansu ana neman shigar mutunci kawai: namiji ya sa dogon wando da riga mai kwala, mace ta sa doguwar riga ko siket da riga ta kirki. A da, ko a irin wannan dare sai namiji ya ɗora bes a sama, amma kampanin ya sassauta, yanzu ganin dama ne. Sauran kuwa su ne dararen gala, galibi biyu cikin bakwai ɗin. A nan namiji sai da baƙar shigar nan da Faransawa ke kira simokin, da farar riga da ɗan ƙullin wuya mai siffar malam-buɗe-littafi, ko kuwa kostim mai duhu da karabat. Mace kuma sai rigar biki. Wanda bai zo da nasa ba akwai na haya a cikin jirgin. Wanda kuma ya ce shi ba ya iyawa, ba a hana shi abinci ba, ba a ci shi tara ba: an ware masa Kings Court, inda kowa ke ɗaukar faranti ya zuba ma kansa, da mashayar Golden Lion, da wasu wurare ƙalilan. Amma babban ɗakin abinci da zauren rawa sun haramta gare shi har gari ya waye. Mai tsaron ƙofa ba ya faɗa, ba ya ɗaga murya. Murmushi zai yi, ya matso kusa da kunnenka ya tuna maka cewa yau daren gala ne. Wanda ya san ciwon kansa ya san wannan raɗar ta fi mari zafi.

Ya kamata a ga babban ɗakin abincin, mai suna Britannia, a irin wannan dare. Hawa biyu ne, da matakala mai lanƙwasa da ke saukowa tsakiyarsa, a bango kuma an rataya wani ƙaton saƙaƙƙen zane mai hoton jirgin ruwa. Ɗaruruwan maza baƙi da fari kamar taron hankaki, mata kuwa kowace da launinta, duwatsu na walƙiya a wuya. Masu ɗaukar hoto sun kafa fitilunsu a kowace kusurwa, domin kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu sai an tafi gida da shaida. Wani daren akan ce kowa ya zo da baƙi da fari, wani daren ja da ruwan zinari, wani kuma a rufe fuska da ɗan ƙyalle mai ado. Anko ke nan, ba mu kaɗai muka san shi ba. Bayan abinci a zarce Queens Room, zauren rawa mafi girma da ke bisa ruwa, inda makaɗa ke busa da kaɗawa da hannunsu. Har akwai waɗanda kampani ke ɗaukowa musamman domin su yi rawa da fasinjan da ya zo shi kaɗai, su ma fes da su. A duk wannan lokaci ƙasa na ɗan lilo ƙarƙashin ƙafa, bayan taga kuma duhu ne da ruwa mai zurfin kilometoci.

To ina wannan al'ada ta samo asali? Ba a teku aka haife ta ba. A manyan gidajen Ingila na ƙarni na 19, mai hali ba ya zama cin abincin dare da tufafin da ya yini da su, domin sun sha ƙura da warin doki. Simokin ɗin kansa, da yau ake yi wa kallon ƙarshen ƙasaita, da farko rigar shan iska ce. Cikin 1865 wani tela na Landan, Henry Poole, ya ɗinka ma yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama sarki Edward na bakwai, wata gajerar riga da zai sa a gida ya huta da doguwar nan mai jela. Rigar hutun yarima ita ce ta zama wahalar talaka.

Jiragen farko ba su da wurin wannan iyayi. Lokacin da Samuel Cunard ya aika jirginsa Britannia daga Libaful zuwa Halifas da Boston ranar 4 ga Yuli 1840, wasiƙu ne babban kayansa, fasinja kuwa fatansa kawai ya isa da rai, cikinsa bai juye ba. Sai da jirage suka girma, suka daina tangaɗi sosai, aka sa masu lantarki, sannan attajirai suka kwaso al'adun gidajensu suka shigo da su. A jirgin Titanic, cikin 1912, begila ake busawa a sanar da ƴan aji na ɗaya lokacin abinci ya yi. A cikin wannan jirgi dai, can ƙasa, ƴan aji na uku fiye da 700 baho biyu suke rabawa. Ba wanda ya nemi su sake tufafi da marece, domin ba wanda ya yi niyyar ganin su. Ƙofofin ƙarfe ne suka raba su da na sama, kuma dokokin shiga Amurka na lokacin ma sun nemi a ware su saboda binciken lafiya. Ke nan tun farko shigar dare alama ce ta wanda ke da iznin hawa bene.

Faransawa ne suka mai da abin wasan kallo. A jiragensu aka ƙware wajen gina doguwar matakala mai sauka ɗakin abinci, yadda kowace mace za ta sauko sannu a hankali idon kowa na kanta, a ga ɗinkin da ta sayo a Paris. Ɗakin abincin jirgin Normandie, wanda shi ma San-Nazer ta ƙera, ya kuma fara aiki cikin 1935, tsawonsa ya kai metir 93, ya ɗara zauren madubai na fadar Bersai. Daga wancan zamani aka gaji wata ƙa'ida da har yau ake bi: ba a yin gala a daren farko, domin kuyangi ba su gama kwance akwatuna ba, ba a kuma yi a daren ƙarshe, domin an riga an ɗaure su. Kuyangin sun tafi, ƙa'idar ta zauna.

Dattawanmu da suka je karatu ko aiki Faransa kafin jirgin sama ya yi araha sun san ɗanɗanon wannan tsari. Daga Yamai sai Gaya, sai Paraku, sai jirgin ƙasa zuwa Kotonu, inda kafin a buɗe tashar ruwa mai zurfi cikin 1965 a kwando ake ɗaga fasinja a sauke shi cikin kwale-kwale zuwa babban jirgi. Jiragen Marsai da na Bordo da ke bin gaɓar Dakar, Konakiri, Abijan, Kotonu da Duwala su ma aji-aji ne, manyan ma'aikatan mulkin mallaka a sama da fararen kayansu, ɗalibai da sojoji a ƙasa. Ɗaya daga cikinsu, Jean Mermoz, da aka ƙera cikin 1957, da kasuwar layin ta mutu sai aka gyara shi cikin 1970, aka rage masa suna ya koma Mermoz, ya zama jirgin yawon shaƙatawa da ya yi suna wajen girki da kiɗa da dararen gala. Jirgin bai canza ba, masu shigarsa ne suka canza.

Abin da ya faru da Mermoz shi ya faru da sana'ar gaba ɗaya. Cikin 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara ƙetare Atlantika da fasinja, kuma a wannan shekara masu bin sama suka zarce masu bin ruwa yawa. Manyan jiragen suka rasa abin yi. Jirgin France, abin alfaharin Faransa da ya fara aiki cikin 1962, an ɗaure shi cikin 1974, wani kampanin Norwe ya saye shi cikin 1979, ya sa masa suna Norway, ya tura shi yawo da ƴan hutu daga Mayami zuwa tsibiran Karayib. Jirgin da ba ya zuwa ko'ina, sai zagaye ya dawo inda ya tashi, ba ya buƙatar aji na uku. Aka cire ƙofofin ƙarfe, kowa ya zama ɗan aji ɗaya. Amma aka riƙe daren gala, domin shi ne hajar da ake sayarwa: malamin makaranta da mai ƙaramin kanti su biya, su sa baƙar riga, su gaisa da kumandan jirgi, su zama manya na dare ɗaya.

Yau abin ya rarrabu. Fiye da mutum miliyon 30 suka yi irin wannan yawo cikin 2023, wato sun fi al'ummar ƙasarmu yawa, kuma akasarinsu ba su da niyyar ɗaure wuya a lokacin hutu. Kampanin Norwegian Cruise Line ya soke tilascin tun shekara ta 2000, ya ce kowa ya ci abinci lokacin da ya so, da shigar da ta yi masa. Virgin Voyages, da ya fara ɗaukar fasinja cikin 2021, ba shi da daren gala sam, sai wani dare da ake gayyatar kowa ya sa ja. Wasu sun bar sunan daren amma sun zare masa haƙora, sai ka ga mai simokin da mai rigar ƙwallo a teburi ɗaya. Ɗan kasuwa zai gane lissafin nan take in aka faɗa masa cewa tun 1998 Cunard na hannun Carnival, kampanin Mayami da ya yi arzikinsa da jiragen masu gajeren wando. Mai shago ɗaya ne, ya buɗe rumfa biyu, ɗaya na sayar da sakewa, ɗaya na sayar da ƙa'ida, kowace da masu cinikinta.

Gardamar ba ta ƙarewa tsakanin fasinjoji. Wasu na cewa kuɗina ne, hutuna ne, me karabat ɗina zai ƙara ma miyar wani? Ni dai a wannan magana ina bayan masu ƙa'ida. Wanda ya shiga Queen Mary 2 ya san abin da ya saya tun kafin ya biya, ga kuma ɗaruruwan jirage da ba su tambayar kowa komi. Shigar gala ba don mai ita ake yin ta ba, don sauran mutanen zauren ne. Tsohuwar da ta shekara biyar tana tara kuɗin wannan tafiya, kallon zauren nan na cikin abin da ta biya, kuma kowane fasinja shi ne adon ɗan'uwansa. Mun san haka a gida: ba ka zuwa ɗaurin auren ƴar abokinka da kayan gona, ba don ango zai rasa amarya ba. Sannan baƙar rigar tana da wani amfani da masu sukar ta ba su lura da shi ba, wato tana ɓoye aljihu. In kowa ya sa baƙi da fari, ba ka bambanta mai bankin da akawunsa, ko mai rigar kansa da mai ta haya. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma a nan yana rufewa har tsakar dare.

Sai dai kada a ruɗe mu. Ƙofar ƙarfen ba ta ɓace duka ba, fenti aka yi mata. A wannan jirgi kuɗin ɗakinka ne ke yanke inda za ka ci abinci. Masu manyan ɗakuna suna da nasu wuraren, Princess Grill da Queens Grill, da nasu zauren hutawa da nasu filin shan rana, na Queens Grill har da bara mai kwance masu kaya. Wannan ƙofa ba simokin ke buɗe ta ba, ko da Henry Poole ne ya tashi daga kabari ya ɗinka maka shi.

Saura tambayar da na san tana bakin Alhajin Maraɗi ko daraktan ma'aikata da wata rana hanya za ta bi da shi ta irin waɗannan jirage: babbar riga fa? Kampanin P&O, ɗan'uwan Cunard da suke zaune gari ɗaya ƙarƙashin uwa ɗaya, ya rubuta ƙarara cewa shigar ƙasa ta biki da kakin soja na bukukuwa sun wadatar a daren gala. A zaurukan Cunard ma ana ganin ƴan Sikotlan da siket ɗinsu na gargajiya, matan Indiya da sari, na Japan da kimono, ba mai tare su. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Saboda haka babbar riga ta shadda mai aiki, da ƴar ciki da wando da hula da rufaffen takalmi, ta cika sharaɗi har ta yi saura, kuma a ganina ta fi kostim ɗin haya da hannunsa ya wuce yatsu daraja nesa ba kusa ba. Haka uwargida da zanenta da rigarta da kallabi da mayafi: dokar ado ta nema, ba ta ce a buɗe kafaɗa ba. Amma a lura da kalmar biki. Jallabiyar zaman ƙofar gida da silifa ba su shiga wannan lissafi, kamar yadda ba a zuwa gaisuwar sarki da su.

Akwai ƴan dabaru. Ba a yarda da dutsen guga a ɗakin kwana ba saboda tsoron gobara, wadda ita ce babbar abokiyar gabar jirgin ruwa. Akwai ɗakunan wanki na fasinja da dutsen a ciki, kuma da la'asar ɗin gala layi ake yi. Shaddar da ta sha bugu kada a miƙa ta ga masu wankin jirgi, domin ba su san ta ba, za su dawo da ita ƙyallin ya tafi. A naɗe ta tun daga gida yadda mabuga suka naɗe, a rataye ta da isowa. Hula kuwa, masu hidimar ɗakin abinci an koya masu su roƙi mai kasket ya cire, don haka ya fi kyau tun daren farko a sanar da shugabansu cewa hular nan cikon riga ce. Kuma kada a fita bisa hanyar katakon nan da babbar riga in iska ta taso, sai dai in ana so a riga jirgin isa Amurka.

Dokar tufafi ba ta tsaya a bakin jirgi ba. Lokacin sanyi Queen Mary 2 kan gangara tsibiran Karayib, inda ƙasashe irin su Barbados da Jamaika suka haramta ma farar hula sa yadi mai zanen kakin soja, ko da yaro ne. Wanda ya sauka da shi yana iya rasa rigar, ko ya kwana da ƴan sanda. Jiragen da ke tsayawa kusa da Roma kuma suna gargaɗin fasinja cewa ba a shiga majami'ar San Piyer da kafaɗa ko gwiwa a buɗe.

Waɗanda dokar ta fi kamawa su ne waɗanda ba a tambayi ra'ayinsu ba. Ma'aikatan jirgin, da yawansu ƴan Filipin da Indiya, suna yin watanni ba su ga gida ba, kuma ba su da daren sakewa. Mai kawo shayin la'asar da fararen safofin hannu, yaran ƙofa da jar riga da ƴar hula kamar gwangwani, hafsoshi da zinari a kafaɗa, kowa da kakinsa. Can ƙasa, inda ba taga, injinan wanki ba su tsayawa, domin fararen rigunan nan da zannuwan teburi dubbai ba da kansu suke yin fari ba.

A daren ƙarshe ana umartar kowa ya fitar da akwatinsa bakin ƙofa kafin ya kwanta, ma'aikata su kwashe cikin dare, kuma takardar ranar na tunatarwa cewa a ware kayan da za a sa da safe, domin akan samu mai mantuwa da ya tura komi, ya tashi daga shi sai kayan barci. Tun kafin asuba jirgin ke shiga mashigin Niyu Yok. Dole ya bi ta ƙarƙashin gadar Verrazzano, wadda saboda ita aka gajarta bututun hayaƙinsa tun a zane, kuma tsakaninsu ƴan metoci ne kawai. Fasinjoji kan hau can sama su ga wucewar. Matar da shekaranjiya ta sauko matakala da lu'ulu'u a wuya tana tsaye da rigar wanka bisa kayan barci, mijinta ya yafa bargon ɗaki, kansa ba taje ba, kowa ya ɗaga kai yana jiran ya ga ko bututun zai taɓa ƙarfen gadar.